Lakwaja Ta Kan Ruwa: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Bakano Mai Niyyar Zuwa

Direbobinmu da ke lodi a Dawanau da 'Yankaba, da masu bin motocin dare na Sabon Gari, duk sun san Lakwaja. Sai dai sanin tasha suka yi mata: a tsaya a Nataco a sha mai, a ci abinci, a yi salla, a miƙa Kudu. Da wuya ka samu wanda ya taɓa gangarawa bakin kogi ya shiga jirgi. Tun da na fara raka ɗalibai da abokai zuwa garin, ake tare ni da tambayoyi a masallaci da wurin ɗaurin aure, wasu kuma ta waya, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Su na tattara a nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ruwa ne ya kafa Lakwaja, daga kan ruwa ake gane ta, kuma Bakano yana da abin nema a can fiye da yadda yake zato.

Malam, ga Tiga ga Challawa a kusa da mu, me zai kai mutum har Lakwaja don shiga jirgi?

Ba na raina ruwanmu. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ne mai faɗi da ban sha'awa, haka na Challawa da ke wajen Ƙaraye. Amma ruwan dam a tsare yake, hannun mutum ne ya tara shi. A Lakwaja manyan kogunan ƙasar nan biyu ne suke haɗuwa, kowanne da doguwar tafiya a bayansa. Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya shigo ta Yawuri da Jebba. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuma daga Kamaru yake, ta Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi. Duk ruwan saman da ya sauka a Kano ba ya zuwa nan, don namu ta Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi, amma na Zariya da Kaduna da Sakkwato a gaban Lakwaja yake wucewa kafin ya kai teku.

Ban da girman ruwa, akwai tarihi, kuma tarihin ya shafi Kano kai tsaye. Zan zo kansa. Shawarata ga wanda bai taɓa shiga kwalekwale ba, ya fara zuwa Wudil ko Tiga a tsallaka da shi, ya ji yadda jikinsa zai karɓi abin.

Ta ina ake bi, kuma kwana nawa ya kamata a ware?

Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: Zariya, Kaduna, Zuba, Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, sai a haye Kwara ta gadar Murtala Muhammad a Jamata, a shiga Lakwaja. Daga Abuja kusan kilomita 200 ne. Wanda ba ya son doguwar mota yana iya hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ya ƙarasa da mota. A yi sammako, a yi tafiyar da rana, kada dare ya riske ku tsakanin Abaji da Koton Ƙarfe. Ku ware kwana huɗu: ɗaya na zuwa, ɗaya na ruwa, ɗaya na cikin gari da hawan Dutsen Patti, ɗaya na dawowa. Masauki ba ya wuya, don garin ya zama hedikwatar jiha tun da aka ƙirƙiro Kogi a 1991.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ruwa ya fara ja da baya, ya kwanta, zafin garin ya yi sauƙi, hanya kuma ta bushe. Aibinsa ɗaya, idan hazo ya yi kauri ba za ka ga nesa ba daga kan dutse, don haka Nuwamba da farkon Disamba sun fi armashi.

Satumba da Oktoba a bar su. A watannin nan kogunan biyu ke cika maƙil, kuma idan aka saki ruwa daga dam ɗin Lagdo na Kamaru ya haɗu da na Kainji da Jebba, Lakwaja ce ke karɓarsu gaba ɗaya. A 2012 da 2022 ruwa ya haye babbar hanya a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, unguwannin bakin kogi irin su Ganaja da Adankolo suka nutse. Masu safarar tumatir da albasa na Kano da abin ya rutsa da su ba su manta ba. Maris da Afrilu kuma ruwa ya janye ƙwarai, tsibiran yashi sun fito fili, abin gwanin kyau, amma zafin Lakwaja a lokacin ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, nasu mai gumi ne, ko a inuwa kake riga sai ta manne maka.

Ina ake samun jirgi, wane iri, kuma nawa ake biya?

Mashigai biyu aka fi sani: na cikin gari wajen tsohuwar kasuwa, da na Ganaja a kan hanyar Ajaokuta, inda ake tsallakar da mutane zuwa Shintaku. Jirage iri uku za ka tarar. Akwai ƙaramin kwalekwalen masunta mai filafili, wannan a bar wa masu shi. Akwai dogon jirgin katako mai inji, wanda ke ɗaukar 'yan kasuwa da buhuna da babura. Akwai kuma ƙaramin jirgin roba mai gudu, wanda ya fi tsada amma ya fi dacewa da shatar 'yan kallo.

Kuɗi yana bin farashin fetur, saboda haka ciniki ake yi. Kada ka tsaya da na farkon da ya tare ka a bakin hanya. Ka nemi shugaban masu jirgi na wurin, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, baƙi ne mu daga Kano, muna so a kai mu magama a dawo da mu." Shi zai zaɓo maka matuƙi, kuma idan wani abu ya taso ka san ƙofar da za ka buga. A daidaita komai tun a tudu: inda za a je, inda za a tsaya, ƙarfe nawa za a dawo, wa zai sayi mai. A ba da rabin kuɗi, a cika idan an sauka. Hedikwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, a Lakwaja take, kuma idan ku ayari ne babba, kamar na makaranta, ya kyautu ku bi ta wurinsu tukuna.

Me zan gani a magamar? Gaskiya ne ruwan kala biyu ne?

Gaskiya ne, amma yanayin ruwa da hasken rana su ke sa abin ya fito ko ya dusashe. Idan an dace, za ka ga ruwan Kwara da na Binuwai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fi ɗaya duhu, da layi a tsakaninsu yana lanƙwasa, kamar kunun da aka zuba wa madara ba a kai ga juyawa ba. Sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin su gauraya. Ka roƙi matuƙi ya kashe inji a wurin na ɗan lokaci. Da zarar ƙarar ta ɗauke za ka ji jirgin yana tafiya da kansa, ka ga ciyawa da guntayen itace suna juyawa a inda ruwan biyu ke ture juna.

Da safe a tafi. Rana tana fitowa ne ta ɓangaren Binuwai, to idan ka juya ka dubi yamma sai ka ga garin gaba ɗaya hasken ya buɗe shi: gidaje a jere a bakin gaɓa, hasumiyoyin masallatai da na coci, Dutsen Patti a tsaye a bayansu. A nan mutum yake gane dalilin da ya sa kowa ya yi kwaɗayin wurin. Wanda ya riƙe wannan lungu ya riƙe ƙofar Nupe da Yawuri ta hannu ɗaya, ƙofar Adamawa ta ɗaya hannun, ga hanyar teku a gabansa.

Ka kuma lura da masu aikin ruwa, don ni su suka fi ɗaukar mini hankali. Masunci a tsaye a goshin kwalekwale, birgi a naɗe a hannunsa, yana jira; ya juya ƙugu sau ɗaya ya watsa, ragar ta buɗe da'ira ta sauka. Masu haƙar yashi suna nutso da bokiti suna cika jirgi har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Yaron jirginku kuma yana zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka, yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, ba ya ko ɗaga kai. Matuƙi ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya, sai ka ga ya yi kwana ba tare da ka ga dalili ba. Yashi ne a ƙasa, shi ya gane shi daga yadda fuskar ruwan take. Kakanda da Nupawa sun gaji wannan sani kaka da kakanni, kuma tudun yashin bana ba lallai a same shi a wurin baɗi ba.

An ce kabarin Sarkin Kano Alu yana can. Haka ne?

Haka ne, kuma ko don wannan kaɗai tafiyar ta biya. Aliyu Babba, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda Kanawa ke kira Alu Mai Sango, ya hau gadon Dabo a 1894 cikin Yaƙin Basasa. Lokacin da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, shi yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Jama'arsa suka rabu, Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a gida aka naɗa shi sarki. Alu ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir. Turawa suka kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lakwaja, inda ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1926. Shekara ashirin da uku ke nan bai sake taka Kano ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Lakwaja ce wurin da Turawa suka riƙa ajiye sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a can ya rasu a 1907. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, a can ya rasu a 1924. Etsu Nupe Abubakar ma can aka kai shi. Kaburburan suna cikin tsohon gari, wajen unguwar Kabawa, tafiya kaɗan daga bakin ruwa, a tsakiyar gidajen mutane.

Ba wurin kallo ba ne irin wanda ake yankar tikiti a ƙofa, kuma ba na so mu mayar da shi haka. Ku fara zuwa fadar Maigarin Lakwaja ko wurin mai unguwa ku yi gaisuwa, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku, za a haɗa ku da wanda zai raka ku. A cire takalmi inda aka ce a cire, a yi sallama ga mamata, a yi musu addu'a, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma yi wa masu kula da wurin alheri. Abin da ke sosa mini rai shi ne, yaro zai gama sakandare a Kano ya san sunan Lugga (Lugard, gwamnan Turawa) da shekarar da ya zo, amma bai san inda sarkin da Luggan ya kora yake kwance ba. Makarantunmu da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido Abuja duk shekara, da za su ƙara 'yan sa'o'i a kan hanya, da sun cike wannan giɓi.

Dutsen Patti fa, sai an hau?

A hau. Tsayinsa ya kai kimanin mita 458, kuma akwai hanyar mota mai lanƙwasa da ke kaiwa sama, ga masu ƙarfin gwiwa kuma da ƙafa ake hawa da asuba. Kada Bakano ya auna shi da Dala ko Goron Dutse. Wannan dogon tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, da itatuwa. A sama akwai ɗan ƙaramin gidan hutawar Lugga, kuma daga nan ne za ka ga abin da ka ratsa jiya a jirgi ya kwanta a gabanka: kogi ta hagu, kogi daga gabas, tsibirai a tsakani. Shi ya sa nake cewa a fara da ruwa, a biyo da dutse.

Masu rakiya za su gaya maka cewa a nan Flora Shaw, wata 'yar jarida Baturiya, ta tsaya ta raɗa wa ƙasar nan suna Najeriya. Abin da yake tabbas shi ne ta ba da shawarar sunan ne a wani rubutu da ya fito a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, kuma ta auri Lugga a 1902.

Gine-ginen Turawa da maƙabartarsu, mu me ya shafe mu da su?

Sun shafe mu ƙwarai, don abin da ya sauya Kano a ƙarnin da ya wuce ta wannan ruwa ya biyo. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka gangaro daga Busa a kwalekwale suka wuce ta magamar har teku, daga nan Turawa suka tabbatar cewa ana iya shigowa ƙasar Hausa ta ruwa ba sai ta hamada ba. Zazzaɓi ne ya riƙa karkashe su, har zuwa 1854 da likita William Baikie ya hau Binuwai yana ba mutanensa kwinin, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. Baikie ɗin nan shi ya zauna a Lakwaja wajen 1860 da yardar Etsu Masaba na Bida, ya buɗe kasuwa, ya koyi Hausa. A 1862 ya tako har Kano, zamanin Abdullahi Maje Karofi. Wato baƙon da ya zo wurin uba, garin da ya kafa ne aka tsare ɗan a ciki bayan shekara arba'in da 'yan kai.

Bayansa kamfanin Royal Niger na George Goldie ya riƙe kogin. Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lakwaja aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulkin Arewa, kuma akwai alama da aka gina a wurin. Hedikwata ba ta daɗe a nan ba, ta koma Jebba, sai Zungeru a 1902, daga baya Kaduna. Amma barikin soja ya zauna, kuma da yawa daga sojojin da suka yi wa Turawa yaƙi Hausawa ne. Za ka ga manyan bindigogi a wurin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya, ka ga tsofaffin gidajen katako da aka ɗora a kan ƙafafu don iska ta ratsa, ɗaya daga cikinsu an mayar da shi gidan tarihi. A maƙabartar Turawa kuwa ka duba shekarun da ke kan duwatsun, akasarinsu samari ne.

Sai maganar dogo. Layin da ya fara isowa Kano a 1911 daga Baro ya taso, wani gari a bakin Kwara sama da Lakwaja. An fara aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, kuma ƙarafunan da kawunan jirgin duk a jiragen ruwa aka hauro da su daga teku, suka wuce ta gaban Lakwaja. Cinikin gyaɗa da ya tashi a Kano daga 1912, da dalar gyaɗa, da Sabon Gari, duk bayan isowar wannan dogo ne.

Mene ne ƙarfen 'yanci da ake faɗa?

Wasu ƙarafa ne guda biyu a harabar cocin Holy Trinity, kusa da makarantar da Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865, wadda ake lissafawa a matsayin firamare ta farko a Arewa. Mutanen gari suna cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Crowther kansa an taɓa kama shi bawa yana yaro. Musulmi na iya zuwa, a yi sallama da masu gadi a shiga cikin ladabi, a kauce wa lokacin ibadarsu. Ina kai ɗalibai wurin don su san cewa kogin nan ya ɗauki bayi kamar yadda ya ɗauki gishiri da goro, kuma kasuwannin ƙasarmu suna da hannu a wannan ciniki. Gara su ji daga bakinmu.

Malam, ni ban iya ruwa ba, ga yara. Anya ba ganganci ba ne?

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba. Mu a Kano ba sai an ba mu labari ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai da fasinjojin da suka taso daga Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kwara wajen Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare. Allah Ya jiƙansu. Idan kika duba waɗannan da makamantansu, dalilan ba sa wuce uku ko huɗu: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya. Dukkansu kuwa abubuwa ne da fasinja ke iya gani da idonsa tun yana tudu.

Saboda haka ga sharuɗɗan da ba na sassautawa a kansu. Kowa sai ya sa rigar kariya, a ɗaure igiyoyinta, ba a rataya ta a kafaɗa ba. Ta yara a saya tun daga gida daidai jikinsu, don ta manya zamewa take yi ta kan yaro idan ya faɗa ruwa. Ki dubi gefen jirgin bayan an gama shiga: idan tsakanin bakinsa da ruwa bai kai kamu guda ba, ki sauka da yaranki, ko da an karɓi kuɗinki. Kunyar sauka ta kashe mutane da yawa. Ba a tashi bayan la'asar sakaliya, hukuma ma ta hana tafiyar dare. Idan hadari ya haɗu ko iska ta taso, a fasa. A cikin jirgi kowa ya zauna inda aka ajiye shi, kada a ruga gefe ɗaya don ɗaukar hoto. Kowane yaro a ba shi babba guda da zai riƙe shi. Maza su cire babbar riga su naɗe, mata kuma a sa rigar kariya a kan hijabi, a tattare gefensa kada ya kusanci inji. Jariri da tsohon da ba ya iya tashi da kansa su tsaya a tudu. Daga kan Patti za su ga komai.

Wanda ya ce miki ai kwana in ya ƙare ya ƙare, ki ce masa haka ne, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Yaya batun salla da alwala? Ana iya wanka a kogin?

Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a garin ba, matafiyi ne kai. Yawon magama kuwa tsakanin hantsi da azahar ake gama shi, ba ya cin lokacin salla. Ruwan kogi mai tsarki ne ko da laka ta sauya masa launi, amma kada a sunkuya daga cikin jirgi don yin alwala, a yi ta a gaɓa. Masallatai suna ko'ina a tsohon gari.

Wanka dai a haƙura. Gefen tsibirin yashi yana iya zama iya gwiwa, taku ɗaya gaba kuma rami ne mai jan ƙafa. Ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ya kwanta a gefe. A tafi da ruwan sha, da hula ko malafa, da gidan sauro ko maganin shafawa, don sauron bakin kogi ba ya jiran damina.

Me ake ci, me ake kawowa tsaraba?

Kifi. Giwan ruwa idan an dace, da tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu, da yauni mai tsada wanda ake kai wa surukai. A je bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, a saya a hannun matan da ke sara, a kai a yi farfesu. Na tsaraba kuwa banda za a saya. Za ki ga matan suna jera kifin a kan raga bisa rabin durom, hayaƙi na tashi a hankali, suna juya shi da hannu. Wanda zai kai Kano lafiya shi ne wanda ya bushe ƙamas, mara nauyi, mai ƙamshin hayaƙi zalla. Ki karya ɗaya ki duba cikinsa. In da danshi ko ƙwari, ko kika ji warin magani, ki wuce gaba. A kwali ake zuba shi, ba a leda ba. Doya, manja da garin rogo ma sun fi araha a can, in da wuri a mota.

Ana jin Hausa a garin?

Sosai, musamman a tsohon gari da kasuwa da bakin ruwa. Garin na mutane da yawa ne: Oworo, Nupawa, Kakanda, Bassa-Nge, Igala, Igbira, Yarbawa, da Hausawan da kakanninsu suka zo fatauci ko aikin soja ko suka biyo sarakunan da aka kawo. Sunan wata unguwar ma Sarkin Noma. Sai dai mu tuna baƙi ne mu. Jin Hausarsu alheri ne suka yi mana, a fara da gaisuwa kafin tambaya.

In mutum yana da lokaci, ana iya wucewa gaba ta ruwa?

Mafi sauƙi shi ne a tsallaka zuwa Shintaku ko Gbobe a ɗaya gaɓar, a sha iska a dawo. Ƙasa da Lakwaja akwai Ajaokuta da gadar Itobe, sai Idah, mazaunin Attah na Igala, inda gunkin tunawa da gimbiya Inikpi yake kusa da bakin ruwa. Idah gari ne da ya cancanci yini guda, amma ga baƙo na fi son ya je ta mota, in ya isa ya ɗauki jirgi a can ya ga garin daga ruwa. Tafiyar sa'o'i a buɗaɗɗen jirgi cikin rana ba ta masu fara koyo ba ce.

Baro kuwa, inda dogonmu ya samo asali, tana sama a Jihar Neja. A Lakwaja marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, aka kuma buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro a 2019, amma manyan jiragen kaya ba su dawo kamar da ba. Wanda ke son ganinta ya shirya mata tafiya ta daban ta Bida ko Agaie, da rani, ya kuma tambayi direbobin yankin halin da hanya take ciki kafin ya tashi.